Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda A Ke Gina Kulob A Wasan Ƙwallon Amurka

A ƙasar Amurka babu wasan da ya kai ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga kasuwa, watau wadda a ke bugawa da hular kwano da kafaɗun roba. Babbar ƙungiyar da ke shirya gasar, NFL, tana da kulob 32, kuma kakar wasa ta kan fara a watan Satumba, ta ƙare a watan Fabrairu da wasan ƙarshe na cin kofi wanda su ke kira Super Bowl. Daga nan ba a sake buga wasan gasa sai bayan kusan wata bakwai. Mai kallo daga nesa zai ɗauka hutu a ke yi. To, amma a cikin waɗannan watanni ne kowane kulob ke sallamar waɗansu 'yan wasa, ya ɗauki waɗansu, ya yanke shawarar inda zai zuba kuɗinsa, kuma sau da yawa a nan ne a ke cin kofi ko a zubar da shi tun ba a hura usur ba.

Abin da tarihin wannan gasa ya nuna shi ne, kulob ɗin da ya yi haƙuri ya zaɓo samari ya rene su shi ke daɗewa yana cin nasara. Wanda kuwa ya kwashi dukiya ya ruga kasuwa don sayen suna, galibi ya kan tashi da nadama, bashi ya yi masa katutu, a kori mai koyar da 'yan wasa. Duk da haka kowace shekara sai an sami masu kulob da za su sake faɗawa wannan rami, ido a buɗe.

Dokokin kasuwa

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai, inda mai kuɗi ke sayen duk ɗan wasan da ransa ya so, sai ya fara sanin cewa tsarin Amurka daban ne. Hanya uku ce kulob ke samun 'yan wasa. Ta farko ita ce zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, wanda a ke yi a ƙarshen watan Afrilu. An fara shi tun 1936, kuma daga 1994 zagaye bakwai a ke yi. Kulob ɗin da ya fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓa, wanda ya ci kofi kuwa shi ne na ƙarshe. Kafin ranar zaɓe a kan tara samarin a birnin Indianapolis a ƙarshen Fabrairu, a auna gudunsu da ƙarfinsu, likitoci su duba lafiyarsu, manajoji su yi musu tambayoyi.

Hanya ta biyu ita ce kasuwar 'yan wasan da kwantaraginsu ya ƙare, wadda a ke buɗewa a tsakiyar watan Maris. Wannan 'yanci sai a 1993 'yan wasa su ka same shi sosai, bayan doguwar shari'a da masu kulob. Ta uku kuwa ita ce musaya, inda kulob zai ba da ɗan wasa ko gurbinsa na zaɓe ya karɓi na wani.

A saman waɗannan duka akwai iyakar albashi. Kowace shekara a kan ƙayyade yawan kuɗin da kulob zai kashe wa 'yan wasansa baki ɗaya, kuma komai arzikin mai kulob ba shi da ikon ƙetare wannan iyaka. Da aka fara dokar a 1994 Dala miliyan 34.6 ce. A 2024 ta kai Dala miliyan 255.4, a 2025 kuma Dala miliyan 279.2. Kuɗin talbijin na ƙasa baki ɗaya raba shi a ke yi daidai wa daida, shi ya sa ƙaramin gari kamar Green Bay ke iya gogayya da New York. Ma'anar wannan doka ita ce, duk Dalar da aka ƙara wa ɗan wasa guda, daga bakin wani aka cire ta. Ga shi kuwa kulob na bukatar mutum 53 a cikin kakar wasa, masu kai hari daban, masu tsaro daban, masu bugun ƙafa daban.

Akwai kuma wata dabara ta lissafi da ta jefa kulob da yawa cikin wahala. In aka ba ɗan wasa kuɗin sa hannu, ana iya raba shi a littafi zuwa shekara biyar, don kada ya yi nauyi a shekarar farko. Amma ranar da aka sallami ɗan wasan, duk abin da ya rage sai ya faɗo kan kulob. Wannan shi su ke kira mataccen kuɗi, watau kuɗin da ke cin gurbi a lissafin albashi alhali mai shi ya daɗe da tafiya.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne albashin sababbin shiga. A 2010 Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a shekarar, ya sa hannu a kan Dala miliyan 78 na shekara shida, tun bai buga wasa ko ɗaya ba. A 2011 aka ƙayyade albashin sababbi, sai ga Cam Newton, shi ma na farko a shekararsa, ya tashi da kimanin Dala miliyan 22 na shekara huɗu. Tun daga lokacin saurayin da aka zaɓo ya zama kaya mafi araha a kasuwa. Kulob ɗin da ya dace da gwani a zaɓe zai yi shekara huɗu yana cin moriyarsa da kuɗi kaɗan, ya yi amfani da rarar wajen toshe sauran ɓaraka.

Masu garaje

Kulob ɗin Washington a zamanin Daniel Snyder shi ne sarkin cin kasuwar Maris. A 2009 ya ba wani ƙaton mai tsaro, Albert Haynesworth, kwantaragin Dala miliyan 100 na shekara bakwai, miliyan 41 daga ciki tabbas ne ko ya buga ko bai buga ba. Kaka biyu kaɗai ya yi, ya yi ta rigima da mai koyarwa Mike Shanahan har aka dakatar da shi, sa'an nan a 2011 aka miƙa shi ga New England a kan gurbin zaɓe na zagaye na biyar. Snyder ya riƙe kulob ɗin daga 1999 zuwa 2023, kuma a tsawon waɗannan shekaru wasan sili-ɗaya-ƙwale biyu kacal su ka ci.

A 2011 Philadelphia Eagles su ma su ka bi wannan hanya. Cikin 'yan kwanaki su ka kwaso manyan sunaye, babba daga ciki shi ne Nnamdi Asomugha, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, aka ba shi Dala miliyan 60 na shekara biyar. Jaridu su ka yi ta zuga su tun ba a fara wasa ba. Da aka zo fili sai su ka ci takwas aka cinye su takwas. Shekara ta gaba su ka ci huɗu aka cinye su 12, aka sallami mai koyarwa Andy Reid, a watan Maris na 2013 kuma aka sallami Asomugha. Ba wai mutanen ba su iya wasa ba ne. An ɗebo su ne daga wurare daban daban, kowa da irin tsarin da ya saba da shi, aka haɗa su wuri guda a gaggauce aka ce su zama tsintsiya.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a watan Maris na 2022, kuma a kan kujera mafi tsada a wasan. Wannan ita ce ta ɗan wasan da ke jagorancin hari yana jefa ƙwallo, wanda su ke kira kwatabak, watau madugun ayari. Denver Broncos su ka karɓo madugu Russell Wilson daga Seattle, su ka ba da gurbin zagaye na farko biyu, da na zagaye na biyu biyu, da na biyar ɗaya, da 'yan wasa uku. Kafin ya buga musu wasan gasa ko ɗaya su ka ƙara masa kwantaragin kimanin Dala miliyan 245. Bayan kaka biyu su ka sallame shi, su ka haɗiye mataccen kuɗi na Dala miliyan 85. A 2024 yana buga wa Pittsburgh wasa, amma mafi yawan albashinsa daga aljihun Denver ya ke fitowa. Seattle kuwa da waɗannan gurabe ta zaɓo Charles Cross da Devon Witherspoon. Ita kanta Denver abin da ya cece ta shi ne zaɓen 2024, inda ta ɗauko saurayi Bo Nix, ya kai ta wasannin sili-ɗaya-ƙwale a shekararsa ta farko.

A cikin wannan watan dai Cleveland Browns su ka ba Houston gurbinsu na zagaye na farko na shekara uku a jere, haɗe da waɗansu, don su sami Deshaun Watson. Su ka ba shi Dala miliyan 230 na shekara biyar, dukkansu tabbas, a daidai lokacin da mata fiye da ashirin su ka kai ƙararsa kotu. NFL ta dakatar da shi wasa 11, rauni ya biyo baya, a kaka uku na farko wasa 19 kaɗai ya buga. A watan Janairu na 2024 Houston, da samarinta sababbin zaɓe, ta lallasa Cleveland da ci 45 da 14. A 2025 mai kulob ɗin, Jimmy Haslam, ya fito fili ya amsa cewa cinikin ya faɗi. Tsalle ɗaya a kan yi a faɗa rijiya, amma sai a yi dubu ba a fita ba.

Masu haƙuri

A ɗaya ɓangaren akwai Dallas Cowboys na 1989. A wannan kaka wasa ɗaya su ka ci, aka cinye su 15. Gwani guda su ke da shi da kowa ke sha'awa, mai ruga da ƙwallo Herschel Walker. Mai koyarwa Jimmy Johnson ya runtse ido ya ba Minnesota shi a watan Oktoba, ya karɓi tarin guraben zaɓe. Mutanen Dallas su ka yi ta tsine masa. Da waɗannan gurabe, ana musaya ana sake musaya, aka samo Emmitt Smith da Darren Woodson da waɗansu, aka haɗa su da Troy Aikman da Michael Irvin, su ma 'yan zaɓe. Dallas ta ci kofi a kakar 1992 da 1993 da 1995. Minnesota, wadda ta ɗauka mutum guda ya rage mata ta ci kofi, ta rabu da Walker bayan kakar 1991 hannu rabbana.

Kansas City Chiefs su ma sun yi irin wannan ƙarfin hali a watan Maris na 2022. Mai cafe ƙwallonsu Tyreek Hill, wanda da wuya a sami mai gudunsa, ya nemi babban kuɗi. Da ya ke sun riga sun ɗaure dukiya mai yawa a kan madugunsu Patrick Mahomes, sai su ka ba Miami shi, su ka karɓi gurabe biyar. Miami ta ba Hill Dala miliyan 120 na shekara huɗu. Chiefs su ka cika tsaronsu da samari irin su Trent McDuffie, su ka tsinci Isiah Pacheco a zagaye na bakwai, su ka ci kofi a Fabrairun 2023, su ka sake ci a Fabrairun 2024. A kan hanyarsu ta cin na biyun kuwa Miami ɗin su ka fara fitarwa, da ci 26 da 7. Mai koyar da su kuwa shi ne Andy Reid ɗin nan da Philadelphia ta sallama.

Inda masu ja su ke da gaskiya

Wani zai ce ai zaɓen ma caca ne, kuma bai yi ƙarya ba. A 2007 Oakland Raiders su ka fara zaɓar JaMarcus Russell a gaban kowa, bayan kaka uku su ka sallame shi. Tom Brady kuwa, wanda ya ci kofi bakwai, sai da aka zaɓi mutum 198 a shekarar 2000 kafin a kira sunansa. A 2021 San Francisco ta sadaukar da gurbin zagaye na farko na shekara uku don ta sami Trey Lance, wanda wasa huɗu kaɗai aka fara da shi kafin a ba Dallas shi. Wanda ya kai su wasan ƙarshe a 2024 shi ne Brock Purdy, na 262, watau mutum na ƙarshe da aka zaɓa a 2022.

To, amma wannan hujja ta masu haƙuri ce. In har babu manajan da ya san gaibu, hankali shi ne a tara gurabe da yawa a yi ta jefa ƙugiya, in ɗaya ta ɓace wata ta kamo. Wanda ya tattara gurabe uku ko biyar ya ɗora a kan mutum guda, ya yi da'awar sanin abin da babu wanda ya sani. Haka Mike Ditka ya yi a 1999, ya ba Washington dukkan guraben New Orleans na shekarar, da biyu na shekara mai zuwa, saboda Ricky Williams. Su ka ci uku aka cinye su 13, aka kore shi. Waɗansu masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa, su ka gano cewa manajoji na biyan abin da ya wuce kima don hawa sama a jerin zaɓe, saboda sun yarda da idonsu fiye da yadda ya kamata.

Wani kuma zai kawo misalin waɗanda su ka saya su ka ci riba. Green Bay ta ɗauki Reggie White a 1993 ta ci kofi a kakar 1996. Tampa Bay ta ɗauki Brady a 2020 ta ci kofi a wannan kakar. Los Angeles Rams su ka ba Detroit madugunsu Jared Goff da gurbin zagaye na farko biyu su ka karɓi Matthew Stafford a 2021, su ka ci kofi a Fabrairun 2022. Duk gaskiya ne. Sai dai a duba a gani, a kowane ɗaya daga cikin waɗannan ginin ya riga ya tashi ko yana gab da tashi, jinka kawai aka sayo. Tampa Bay na da Mike Evans da Chris Godwin da Lavonte David, duk renonta. Rams na da Aaron Donald da Cooper Kupp, su ma 'yan zaɓe. Kuma ko su Rams ɗin sai da su ka biya bashi, domin a kakar da ta biyo baya biyar su ka ci aka cinye su 12, yayin da Detroit ta yi amfani da abin da ta karɓa ta farfaɗo, har ta ci wasa 15 a kakar 2024.

Babu misalin da ya fi na Philadelphia fito da wannan batu fili, domin babban manajan da ya yi cefanen 2011, Howie Roseman, shi ne dai ya haɗa tawagar da ta ci kofi a Fabrairun 2025. A wannan karon mafi yawan harsashin na gida ne. Madugu Jalen Hurts ɗan zagaye na biyu ne na 2020. Lane Johnson tun 2013 aka zaɓo shi. Jordan Mailata ɗan wasan zari-ruga ne daga Ostareliya wanda bai taɓa buga wannan wasa ba, aka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, aka yi shekaru ana koya masa. Ga DeVonta Smith da Jalen Carter. Sai da wannan ya tsaya da ƙafarsa sa'an nan aka je kasuwa a Maris na 2024 aka ɗauko Saquon Barkley a kan ƙasa da Dala miliyan 40 na shekara uku, ya ruga yadi 2,005 a kaka guda. Su ka doke Chiefs da ci 40 da 22. Mutum ɗaya ne, kulob ɗaya ne, abin da ya sauya shi ne sanin abin da ke zuwa farko da abin da ke zuwa ƙarshe.

Laifin wa?

In abin ya fito fili haka, me ya sa a ke maimaita kuskure? Amsar tana wurin masu kulob. Mai koyarwa ko manajan da ya san cewa in bai ci nasara bana ba za a kore shi a watan Janairu, ba zai damu da gurbin zaɓen shekara uku masu zuwa ba, tun da ya san wani ne zai gaji wahalar. Mai kulob kuma yana son sunan da zai sayar da tikiti da riguna a watan Maris. 'Yan jarida su ma da nasu kason, domin su ke rabon maki tun ba a buga wasa ba, su ɗaga wanda ya fi kashe kuɗi. Ga shi kuwa a wannan gasa ba a korar kulob zuwa ƙaramin rukuni, ko da bai ci wasa ko ɗaya ba, kuma kasonsa na kuɗin talbijin na nan. Watau mai kulob shi ne ya fi kowa ikon yin haƙuri, amma sau da yawa shi ya fi kowa gajen haƙuri.

Wahalar kuwa a kan ƙananan ta ke ƙarewa. A lokacin shiri kowane kulob na iya tara mutum 90, amma a ƙarshen watan Agusta dole ya rage su zuwa 53. In aka haɗa kulob 32, mutum fiye da dubu ke rasa gurbi cikin 'yan kwanaki, ko da ya ke a kan mayar da waɗansu rukunin 'yan atisaye. A kulob ɗin da mataccen kuɗi ya cinye lissafi, tsohon ɗan wasan da ya yi shekaru yana ba da jikinsa shi a ke fara kira ofis a ce ya yarda a rage masa albashi ko ya kama gabansa. Magoya baya kuma su yi shekara uku ko huɗu suna biyan kuɗin kallo, suna jiran a gama biyan bashin cinikin kwana ɗaya.

Saboda haka mai kulob da ke son alheri ya ba manajansa da mai koyarwa wa'adin da zai isa a ga amfanin zaɓe, shekara uku ko huɗu a ƙalla. Ya hana taɓa guraben shekaru masu zuwa sai in ginin ya tashi, mutum guda ya rage. Ya fara biyan yaran gida da su ka nuna ƙwazo kafin ya waiwayi baƙo. Mai sha'awar wasan kuma, in watan Maris ya zo ya ji ana ta buga tambura cewa kulob kaza ya kwashe kasuwa, kada ya yi saurin tafi. Ya tambayi gurabe nawa su ka rage masa a watan Afrilu, da nawa ne a littafinsa ke tafiya ga mutanen da ba su cikin tawaga. Garaje dai ba ƙarfi ba ne, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.